Albarka Ta Ce

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, shekarun baya can, tun kafin wayar hannu ta zo ta hana ku sauraron wa'azi. Ku gyara zama, ku saurara. Sunansa Malam Nomau, sana'arsa albasa. Shi ke noma ta a fadama da rani, shi ke ɗura ta a buhu, shi ke zama a kasuwa ya sayar. Ba malami ba ne, Malam ɗin na girmamawa ne kawai. Ba kuma mai kuɗi ba ne. In ka gan shi a sahun salla ba za ka sake waiwayarsa ba, sai dai in warin albasa ne ya sa ka waiwaya.

Malam Nomau yana da mahaifiya tsohuwa, Iya Tabawa, tana zaune a gidansa. Ita kuma Iya, duk dangin da aka haife su tare sun ƙare, saura ƙanwarta guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ana ce mata Inna Kuluwa. Ita Kuluwa tana can ƙauyen da aka haife su, a ƙetaren gulbi, bayan duwatsu. Rabon da su sa juna a ido shekara goma sha ɗaya. Ku ji fa, shekara goma sha ɗaya, kuma ba faɗa suka yi ba.

Za ku ce to me ya hana? Hanya ce ta hana. Da rani yashi ne, ƙaramar mota ta shiga sai ta kafe, sai an nemo mutane sun turo ta. Da damina gulbi ya kawo, babu mai wucewa sai bayan kaka. Babbar mota takan shiga ranar kasuwa, fasinja a saman buhuna. Malam Nomau ya taɓa kama wa Iya gidan gaba, direban ya dube ta sama da ƙasa ya ce shi ba zai ɗauki alhakin tsohuwa ba, girgizar hanyar nan sai ta ƙarasa ta. Babur kuwa ba a ma magana, ƙugun Iya ya riƙe, ba ta iya zama a kansa. Ya taɓa shimfiɗa mata katifa a amalanken shanu, ba su kai azahar ba ta suma saboda rana, ya juyo da ita gida yana salati. Kuluwa kuma ɓarin jikinta ya shanye, ko bakin ƙofar ɗaki sai an ɗauko ta.

Abin da ya rage musu shi ne kaset. Ku yara ba ku san wannan ba. A sa kaset a rediyo, a danna, tsohuwa ta matso da bakinta ta yi magana kamar mutumin yana gabanta. A ba mai fataucin kanwa ya kai. Bayan wata ɗaya ko biyu sai amsa ta zo. Iya ta ce a sa mata, sai ka ji muryar Kuluwa tana fita da ƙyar: "Yaya, kina lafiya? Ya ƙugun? Tsamiyar ƙofar gidanmu ta yi 'ya'ya bana, na sa an ajiye miki. Yaya, yaushe za ki zo?" Iya ta ce a mayar, a mayar. Ta ce a sake, a sake. Har zaren kaset ya saki, muryar ta riƙa ja, ita dai a sake. Malam Nomau yana zaune a gefe yana gyaran igiyar buhu, zuciyarsa tana ƙuna, don babu abin da ya fi ci wa ɗa rai kamar ya ga uwarsa tana son abu, abin kuma ba shi da yawa, amma ya kasa yi mata.

Akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe. Tsufa ya cinye muryar Iya, in ta yi magana sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji. Matan gida sukan ce, "Me kika ce, Iya?" sau biyu sau uku. Shi Malam Nomau bai taɓa tambayarta ba. Shekara da shekaru yana sauraronta, har kunnensa ya saba da jin maganar da aka faɗa a hankali.

Wata rana yana cikin fadama yana ban ruwa, sai ga wasu ma'aikata sun zo duba gonaki a cikin wata mota da bai taɓa ganin irinta ba. Gabanta jif ce, ƙofa huɗu, kujeru masu laushi gaba da baya. Bayanta akori-kura ce, buɗe, ta ɗaukar kaya. Ga tsawon ƙafa, ga tayoyin nan huɗu duk suna ja. Yana kallo ta shiga yashin bakin fadama, inda ko jaki sai ya yi nishi, ta fita kamar a kan kwalta. Malam Nomau ya tsaya da fartanya a hannu, ruwa yana ta malala cikin fangalin albasa ya manta da shi. Ya ce a ransa, "Iya a ciki, albasa a baya." Ya iya tuƙi tun yana saurayi, lokacin da yake bin motocin albasa zuwa kudu. Tun daga ranar son motar nan ya shiga ransa bai fita ba.

Ku lura, ba irin son da wasunku ke yi wa mota ba ne, a wanke ta sau biyu a yini, a ajiye ta a ƙofar masallaci inda kowa zai yi tuntuɓe da ita. Shi in ya rufe ido, abin da yake gani shi ne Iya a kujerar baya, an jingina mata matashi, gilashi a rufe, sun gangara gulbi sun haye, ga tsamiya, ga ƙofar gida. Har ya san abin da zai yi in sun isa. Zai ɗauko ta ya kai ta har gadon Kuluwa, ya ja musu ƙyaure, ya fita waje ya zauna.

Sabuwa dai ba tasa ba ce, ya sani. Ta hannu yake nema. Ya shiga tari, shekara bayan shekara. Riga ɗaya ya yi salla huɗu da ita. Daga ƙarshe ya sayar da bijimansa biyu na huɗa, ya je babban gari ya sami wani dillalin motoci, Ɗantsoho, ya kwatanta masa abin da yake so. Ɗantsoho ya yi dariya ya ce, "Malam, ai motar manya kake nema." Ya ce, "Ita nake nema." Ya ce, "To, in ta faɗo zan aiko."

Sai cikin bazara, zafi ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma yana komawa, saƙo ya zo cewa an samu. Motar wani malamin gona ce da ya rasu bara. An raba gado, motar ta faɗa a rabon matarsa, Saude, da 'ya'yanta mata biyu ƙanana. Ƙanin marigayin, Alhaji Mamuda, shi ne wakilinsu, shi ya ce a sayar tun ba ta lalace a ajiye ba.

Malam Nomau ya shiga ɗakin Iya ya durƙusa. "Iya, gobe zan je in ɗauko mota. In Allah ya yarda jibi muna ƙetare."

Iya ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. "Da gaske kake?"

"Da gaske nake, Iya."

Ta sa aka jawo mata akwatinta, ta fito da turmin atamfa da ta ajiye wa Kuluwa tun shekara shida, da sabulu, da daddawa, da goro, ta ƙulle a ɗankwali. Da safe zai fita ta ce, "Kada ka daɗe. Ka ga gabas."

Ya isa gidan da hantsi. Motar tana ƙofar gida a gindin darbejiya, fara, ganye ya zuba a bayanta. Ya zaga ta. Ya buɗe gaba ya duba baƙin mai, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya tayar da ita ya kasa kunne, ya koma baya ya tara hannu a bakin bututun salansa ya ga ko tana hayaƙi. Lafiya lau, marigayin ya riƙe abinsa da kyau. Carbinsa ma yana nan rataye a madubi, ƙanshin turarensa bai gama fita daga kujerun ba. Malam Nomau ya buɗe ƙofar baya ya danna kujerar da tafin hannu, ya ji ta lotsa ta dawo. Ya tuna ƙugun Iya, sai ya ji ƙwalla tana neman zubo masa, ya yi sauri ya rufe ƙofar.

Aka shiga zaure, aka zauna, aka fara ciniki. Kun san yadda ake yi, yawancinku 'yan kasuwa ne. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce, "Albarka." Wato ban sayar ba. Hausawa ba sa cewa a'a gatsau a ciniki, sai su ce albarka. In kuwa ciniki ya faɗa, an sallama, sai a ce, "Allah ya sa albarka." Kalmar ɗaya ce, amma ta farko rufe ƙofa ce, ta biyu buɗewa. Malam Nomau ya taya, Alhaji Mamuda ya ce albarka. Ya ƙara, ya ce albarka. Ɗantsoho yana tsakiya yana lallashin wannan yana zuga wancan. Har Malam Nomau ya kai ƙarshen abin da ya zo da shi, ya ce, "Alhaji, iyakata ke nan, ko kuɗin mai sai na nema."

Alhaji Mamuda ya shafa gemu, ya ce, "To, bari a ji ta bakin mai kaya." Ya tashi ya je bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, ya ɗaga murya. "Saude! Kina kusa? Ga abin da aka taya." Ya faɗa mata. "Me kika ce?"

Ana jin motsin mutum a bayan ƙyaure. Can sai wata murya ta fito, ƙasa-ƙasa, kamar mai ita ba ta so a ji.

"Albarka."

Alhaji Mamuda ya juyo baki har kunne. "To madalla! Ta ce Allah ya sa albarka."

Ɗantsoho ya yi wuf ya kama hannun wannan ya haɗa da na wancan. "An sallama! An sallama! Allah ya sa a mora."

Ko Alhaji Mamuda bai ji daidai ba ne, ko ya ji ya juya, ni ban sani ba, ba kuma zan ɗauki alhakinsa ba. Mutum ne da ya gaji da riƙon amana yana son ya sauke. Ɗantsoho kuwa kunnensa yana wajen la'adarsa. Amma mutum ɗaya a zauren nan ya ji sarai abin da aka faɗa, shi ne Malam Nomau.

Yanzu kuna jira in ce ya miƙe tsaye ya ce a'a, ba haka ta ce ba. Bai miƙe ba. Ni ba zan yi muku ƙarya don in gyara shi ba. Mutum ne kamar ku. Ya sunkuyar da kai, ya biya, aka miƙa masa makulli da takardu, ya fita ya shiga motar, ya ja ta ya tafi.

Kai, jama'a, motar nan tana tafiya! Ya fita gari ya hau titi, iska tana shigowa, murna ta cika shi. Ya waiwaya ya dubi kujerar baya, har yana ganin Iya a zaune da ƙullinta a cinya. Sai kalmar nan ta dawo masa. Ya ce a ransa, ai wakilinta ne ya sallama, ga shaida. Ya ce, ai mata ba su san ciniki ba, wataƙila addu'a take nufi. Ya ce, wataƙila ma duka ta faɗa, ƙyaure ne ya cinye farkon. Kun ji yadda zuciya take, in tana son abu sai ta zama lauya. Amma shekara talatin yana zaune a gaban buhun albasa yana cewa albarka ana ce masa albarka. Ya san albarkar ƙi, ya san ta addu'a. Ta ƙi gajera ce, a kan faɗe ta a yi shiru. Ita ya ji.

Ya iso mararrabar da zai karya ya nufi gida daidai azahar. Akwai ɗan masallaci a bakin hanya, ya tsaya ya yi alwala ya bi jam'i. Da aka sallame, ya ɗaga hannu zai roƙa wa motarsa alheri, kamar yadda kowa ke yi in ya yi sabon abu. Ya ce, "Ya Allah, ka sa al..." Ya kasa ƙarasa kalmar. Ya sake gwadawa, ta ƙi fita. Da wane baki zai roƙi Allah da kalmar da ya ji an juya a gabansa ya yi shiru?

Mutane suka watse, ya rage shi kaɗai a kan tabarma. Ta ƙofar masallacin yana hango motar tana sheƙi a rana. Bayanta kuma, can gabas, hadari ya fara haɗuwa. Ya san lissafin. In ya karya hagu, gobe war haka Iya tana ɗakin Kuluwa. In ya juya, sai bayan kaka, kuma tsofaffi biyu ne, babu wanda ya ba shi tabbacin kaka. Ku saurara, bawan Allah nan ya yi kuka, kuka na gaske, babba da shi. Sannan ya share fuska da hannun riga, ya shiga motar, ya juya kanta ya koma inda ya fito.

Ya tarar da Alhaji Mamuda da Ɗantsoho ba su ma tashi daga ƙofar gidan ba. Ɗantsoho ya taso da sauri. "Lafiya, Malam? Ta ba da matsala ne?"

"Motar lafiya lau. Alhaji, don Allah ina neman izini in yi magana da mai ita."

"Wace magana kuma? Ba an gama ba?"

"A wajenku an gama. Ni akwai abin da kunnena ya ji, ina son in tabbatar."

Alhaji Mamuda ya ɓata rai, amma ya shiga zaure ya kira ta. Malam Nomau ya tsaya nesa da ƙofar, ya yi sallama, ya yi mata gaisuwar rashi. Sannan ya ce, "Malama, ni ne wanda ya sayi mota. Ɗazu da aka tambaye ki, me kika ce?"

Shiru.

"Ki yi haƙuri, ba don in kunyata ki ba ne. Abin da kika faɗa kawai nake son ji."

Ta ce, "Malam, an riga an sallama. Ka tafi da ita. Ni ba ni da ta cewa."

"Kina da ta cewa, tunda taki ce. In kin sallama, ki ce kin sallama, yanzu in tafi ina godiya."

Sai suka ji tana jan hanci. Ta ce, "Albarka na ce."

Alhaji Mamuda ya ce, "Haba Saude! Kuɗin ne bai yi miki ba? Wallahi babu mai ba ki fiye da haka."

Ta ce, "Ba kuɗin ba ne, Alhaji. Na san za a sayar wata rana, na san tana lalacewa. Amma kullum da safe in na leƙo na gan ta a gindin bishiyar nan, sai in ji kamar baban yaran nan ya dawo daga tafiya, yana nan waje yana gaisawa da mutane, yanzu zai shigo. Yaran ma in sun taso makaranta sai sun taɓa ta kafin su shigo gida. Ɗazu da na ji an tayar da ita an tafi, sai na ji kamar yau aka fita da shi. Ban shirya ba ne kawai. Ban shirya ba." Ta fashe da kuka.

To, a nan ne jarrabawa ta biyu ta zo, kuma ta fi ta farko wuya. Malam Nomau ya buɗe baki zai ce, Malama, ina da uwa tsohuwa, ina da kaza, ina da kaza, ko aronta ki ba ni na kwana biyu. Maganar ta zo har bakinsa. Na san wasunku tun ɗazu suke cewa a ransu, ai da sai ya nemi aro. Ya yi tunanin. Amma ya duba ya ga mace ce da yanzun nan ya dawo mata da abinta, tana kuka, kunyarsa ta rufe ta. Duk abin da ya roƙa a wannan lokacin ba za ta iya cewa a'a ba. In ta ji labarin Iya ma cewa za ta yi ya ɗauka gaba ɗaya, ta koma ɗaki ta ci gaba da kukanta. Ya ga in ya yi haka bai dawo da komai ba, ya dai sake karɓa ne ta wata ƙofar. Sai ya rufe bakinsa.

Ya sunkuya ya ajiye makullin da takardun a bakin ƙofa. Ya ce, "Ga abinki nan, Malama. Na mayar da ita inda na same ta. Allah ya jiƙansa, Allah ya raya abin da ya bari."

Ɗantsoho ya biyo shi waje yana kumfar baki. "Kai wane irin mutum ne? Shekara ashirin ina dillanci, na ga wanda ya dawo da mota don inji ya buga, na ga wanda ya dawo da ita don takardu. Ban taɓa ganin wanda ya dawo da lafiyayyar mota don kalma ɗaya ba!"

Malam Nomau ya ce, "Kalmar ce cinikin, Ɗantsoho."

Aka mayar masa da kuɗinsa, ban da abin da dillali ya riƙe. Ya hau motar kasuwa a saman buhuna ya koma gida.

Ya isa da la'asar sakaliya, a ƙafa daga tasha. Tun daga nesa ya hango Iya a bakin zaure. Duk da tafiyar sai washegari, ta sa an fito da ita tun hantsi, ta yafa mayafinta na unguwa, ƙullinta yana kan cinya. Matan maƙwabta har sun shigo sun yi mata sallama sun ba da saƙon gaisuwa. Ta dube shi, ta dubi bayansa, ta sake dubansa. Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai, bai rage ba, har da shirun da ya yi da farko.

Ta ce, "Da bakinta ta ce albarka?"

"Da bakinta, Iya."

Ta daɗe tana shafa ƙullin. Sannan ta ce, "To. Ku mayar da ni ciki."

Bai zauna ba. Washegari ya koma nema, ya bi dillalai gari uku. Wadda ya samu ko dai ƙarama ce da ba za ta iya yashi ba, ko ta fi ƙarfinsa nesa. Kwana tara tsakani aka yi ruwan farko, mai yawa, aka wayi gari gulbi ya kawo. Manoma suna murna suna fita shuka, shi ma ya fita, amma ransa ba daɗi.

Cikin marka, ruwa ya ɗauki kwana uku bai tsaya ba, sai ga wani mutum daga ƙetare, ya haye gulbi a kan gora, jikinsa sharkaf. Ya ce Inna Kuluwa ta rasu ranar Alhamis, an kai ta.

Malam Nomau ya shiga ɗakin Iya. Ta riga ta ji. Tana zaune a bakin gado, hawaye yana bin fuskarta, ba ta ko sharewa. Ya zube a gabanta ya ce, "Iya, ki yafe mini. Makullin yana hannuna. Har mararraba na zo. Da na yi shiru da kin gan ta."

Ta ce, "Da na gan ta." Ta sake cewa, "Da na gan ta. Ba zan ɓoye maka ba, ina son ganinta, har in mutu ina so. Tun ranar da ka dawo a ƙafa na san ba zan gan ta ba."

Ya kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Amma ni ma an taɓa fita da mijina, na san yadda ƙofar gida take komawa. Da ka kai ni, Kuluwa za ta tambaya, Yaya, ina ɗanki ya samo mota? Me zan ce mata? In ce ya ɗauko ta ne mai ita tana kuka a bayan ƙyaure?" Ta ɗora hannunta a kansa. "Tashi. Ni da ita za mu haɗu, ba da daɗewa ba ma. Tashi, Allah ya yi maka albarka."

Na ga wasunku suna jira in ce bayan nan Allah ya buɗa masa ya sayi motoci goma. Ban sani ba. Wanda ya ba ni labarin bai faɗa ba, ni kuma ba zan ƙara ba. Abin da na sani, Iya ba ta ga ƙanwarta ba, kuma gaskiyar ɗanta ce ta jawo. Na faɗa muku haka ne da gangan, don mun saba ɗaukar gaskiya kamar jari, ka zuba yau ka kwashi riba gobe. Wani lokaci gaskiya tana cin abin da ka fi so a duniya, kuma ba za a mayar maka da shi a nan ba. Ladan yana wajen Allah, shi kuwa ba ya mantuwa.

Darasin shi ne, dukiyar mutum ba ta halatta gare ka sai da yardar zuciyarsa. Shaidu ba sa halatta ta, takarda ba ta halatta ta, dillali ya tafa hannu ba ya halatta ta. Kuma ku sani, mai ƙarfi ne ke cewa a'a da ƙarfi. Marainiya, da matar da aka mutu aka bari, da talakan da ke jin nauyinka, da ƙaninka da ke jin kunyarka, a hankali suke faɗar tasu, wani lokaci ma ba ta fita. Kai da ka sayi gona a hannun magada, ka ji ta bakin matan ko ta yayansu kawai ka ji? Kai wakilin marayu, in ka tambaya kana jiran amsa, ko tambayar ta cika al'ada ce? Kai dillali, kalma nawa ka gyara tsakanin bakin mai kaya da kunnen mai saye? Kai da ke zuwa sayen mota ko babur ko gida a wajen wanda rashi ko ciwo ya matsa, ka duba inji, ka duba takardu, ka taɓa duba fuskar mai kayan?

Kada wanda ya ce bai ji ba. Mun ji, muna dai yin kamar ba mu ji ba ne, don abin ya yi mana daɗi. Ranar da za a tambayi hannu abin da ya karɓa, za a tambayi kunne abin da ya ji. In an ce maka a'a a hankali, a'a ce, ka ajiye makullin ka tafi.

Allah ya ba mu kunnen jin mai rauni, ya ba mu ƙarfin mayar da abin da ba namu ba ko da ranmu yana so. Ya jiƙan iyayenmu, ya sada waɗanda hanya ta raba a gidan da babu rabuwa. Ku tashi mu yi salla.